Masoyin da Ba Ya Mutuwa da Makokin Matasa

A ƙauyukan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan akwai wani tsohon labari, labarin ba'ati. Ba'ati shi ne mamacin da aka yi wa sutura, aka kai shi makwancinsa, sa'an nan ya tashi ya komo cikin mutane. Hausawan da ke zaune a can, tun daga jikokin waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa masu tsinkar auduga da suka zo daga baya, sun tarar da wannan labari wurin maƙwabtansu. Su ma sun zo da nasu daga gida, wato na fatalwa da na maye mai kama kurwa. A cikin dukan labaran nan babu mai murna da dawowar mamaci. Abin gudu ne.

Haka yake a wurin Turawa ma a dā. Mashayin jinin da Bram Stoker ya rubuta labarinsa a littafin Dracula cikin 1897 gawa ce mai fitowa daga akwatinta da dare, ta tsotse jinin masu barci. Amma daga baya marubutan littattafan matasa a Amurka suka wanke wannan gawa, suka sa mata kyakkyawar fuska, suka mai da ita saurayi. An fassara irin waɗannan littattafai cikin harsuna masu yawa, an kuma yi fina-finansu. Abin lura shi ne, yarinyar da ke ƙaunar wannan saurayi sau da yawa mai baƙin ciki ce. Ya ɗauki hankalinta ne domin shi kaɗai ne mutuwa ba za ta ƙwace mata ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga matasan Hausawan Sudan. A watan Yuli 2022 faɗan ƙabilanci a wajen Rusairis da Damazin ya ci rayuka fiye da 100, wani kuma ya sake ɓarkewa a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Yaƙin da ya fara a Afrilu 2023 ya kai Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, ya kai Sinja a 2024. Iyalai suka watse, mutane da yawa suka yi rashi a kan hanyar gudu, babu zaman makoki, babu masu zuwa gaisuwa. Matashin da bai ga kabarin uwarsa ba, labarin masoyin da ba ya mutuwa zai shige shi kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Domin haka ya kamata a auna irin wannan littafi da ma'auni guda: yana taimakon mai makoki ya saki mamacinsa, ko yana koya masa ya riƙe gawa?

Littattafai biyu sun isa misali. Na fari shi ne New Moon, wato Sabon Wata, na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2006. Edward, mashayin jini, ya rabu da budurwarsa Bella. Marubuciyar ta nuna baƙin cikin yarinyar da wata dabara mai kyau: shafuka huɗu a jere babu kome a kansu sai sunan wata, daga Oktoba zuwa Janairu. Duk wanda ya taɓa yin rashi ya san irin waɗannan watanni, sa'ad da rana ke fitowa ta faɗi, abinci kuwa ba shi da ɗanɗano. A nan littafin ya faɗi gaskiya.

Amma daga nan sai ya kauce. Bella ta gane ba ta jin muryar Edward sai ta jefa kanta cikin hatsari, saboda haka ta shiga tuƙin babur da ganganci, har ta yi tsalle daga kan dutse ta faɗa teku. Sakamakon wannan wauta kuwa shi ne masoyin ya dawo. A littafin ƙarshe na jerin, a 2008, ita ma ta zama mashayiyar jini, mutuwa ta daina shafarta. Ashe makokin nata na aro ne, gama ba ta rasa kome ba. Masu karatun Hausa sun san irin wannan zaren labari: a In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya ta faɗa rijiya saboda so, aka cece ta. Yarinyar da yaƙi ya cinye wanta, ko ta faɗa rijiya goma, ba zai dawo ba. Littafin da ya ce da ita zafin kuka yana komo da wanda ya tafi, ya ruɗe ta.

Na biyu shi ne The Silver Kiss, wato Sumbar Azurfa, na Annette Curtis Klause, wanda ya fito a 1990. Uwar Zoe tana kwance a asibiti da ciwon daji, uban ya shagala da jinya, aminiyarta kuma za ta ƙaura zuwa wani gari. Cikin wannan kaɗaici ta gamu da Simon, wanda ya yi wajen shekara 300 yana yawo da baƙin cikin mutuwar tasa uwar. Abin da ya haɗa su rashi ne, ba kyan fuska ba. Zoe ta yi sha'awar a mai da uwarta kamar Simon domin kada ta mutu, amma ta gane wannan ba ceto ba ne, tsawaita azaba ne. A ƙarshe Simon da kansa ya zauna ya jira fitowar rana, wadda ita ce ajalin irinsa, yarinyar kuwa ta koyi yin bankwana. Mutuwa rigar kowa ce, littafin kuma bai ɓoye wannan ba.

Duk da haka shi ma yana da aibinsa. Ya zana cizon mashayin jini kamar abu mai daɗi, ya kuma bar yarinya ta sami ta'aziyyarta a wurin baƙon dare, ita kaɗai. A al'adar Hausawa, Musulmi da Kirista, makoki aikin jama'a ne: a shimfiɗa tabarma, maƙwabta su kawo tuwo, a zauna da mai rashi kwana da kwanaki. Ko a Betanya, da Li'azaru ya rasu, gidan Marta da Maryamu cike yake da masu gaisuwa, Yesu kansa kuma ya yi kuka tare da su.

Iyaye da malamai ba za su ci riba da ƙwace littafi daga hannun matashi ba. Gara su tambaye shi wane ne yake tunawa in yana karantawa. Ga marubutan Hausa kuma akwai aiki: suna da fatalwa, suna da ba'ati, suna da yaran Jazira da suka bar matattunsu a baya. Labarin da waɗannan yara ke bukata shi ne wanda mamaci zai kwanta a cikinsa, a ambaci sunansa, a yi masa kuka, mai rai kuma ya koma gona.