Alƙiblar Wutar Zuciya

Kafin zuciya ta buga, sai wata 'yar wutar lantarki ta ratsa namanta. Wutar tana watsuwa ta ko'ina, amma tana da inda ta dosa, kamar garken da ake korowa kasuwar shanu ta Mubi: wannan saniya ta karkata nan, waccan ta yi can, garken kuwa gaba ɗaya hanyarsa ɗaya ce. A lafiyayyen baligi wutar takan nufi ƙasa ta ɓangaren hagu, don ɗakin zuciya na ƙasa na hagu ya fi kauri. Da digiri ake auna ta, kuma daga -30 zuwa +90 babu laifi.

Gano wannan alƙibla a takardar awon zuciya, wato ECG, na cikin ƙwarewar da ta fi burge ni a aikin asibiti, don gwani ba ya neman alƙalami. A wani asibiti a Mubi na ga likita ya karɓi takardar, ya ɗaga manyan yatsunsa biyu kamar mai yi wa yaro wasa. A cikin layukan da ke kan takardar, na hagu yana wakiltar layi na I, na dama kuma layin aVF. Idan tsinin bugun ya kalli sama a duka biyun, lafiya lau. Na hagu sama, na dama ƙasa, to alƙiblar ta karkata hagu, amma ba ya yanke hukunci sai ya leƙa layi na II. Idan shi ma ya nutse, an wuce -30. Na hagu ƙasa, na dama sama, ta koma dama.

Mai son adadi kuwa sai ya nemi layin da hawan tsinin da saukarsa suka yi daidai wa daida. Wutar ta gitta wannan layi ke nan, tazarar digiri 90. Idan aVL ne, wanda ke zaune a -30, layi na II kuma ya miƙe sama, alƙiblar tana +60.

Willem Einthoven, ɗan ƙasar Holan, shi ya kafa tushen wannan lissafi a Leiden, ya kuma sami kyautar Nobel a 1924. Na'urarsa ta kai kilo 270, majinyaci kuma sai ya tsoma hannu da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Ta yau ana ɗauka da hannu ɗaya, har ma tana buga adadin alƙiblar a saman takarda. Sai dai na'ura ba ta ganin wanda ke kwance a gadon. Karkata dama a jariri ko saurayi dogo siriri ba abin damuwa ba ne. A dattijuwar da ta shekara da shekaru tana shaƙar hayaƙin murhu, ko wanda tarin fuka ya cinye wa huhu, tana iya nuna cewa ɗakin dama ya yi kauri saboda wahala. Shi ya sa za ka ji likita ya ajiye takarda ya ce, "Inna, tun yaushe kike wannan tari?" Karkata hagu kuma ta fi zuwa da toshewar wani reshe na hanyar wutar, ko tsohon bugun zuciya, wani lokaci da daɗaɗɗen hawan jini.

Inda ake gane gwani da gaske shi ne ranar da layi na I ya kife gaba ɗaya, aVR kuma ya miƙe. Sabon hannu zai firgita. Gwani sai ya tashi ya je ya duba wuyan hannun majinyaci, don a na'urori masu bin tsarin Turai jar waya ta hannun dama ce, rawaya ta hagu, kuma cikin gaggawa ana musanya su. Idan wayoyin na daidai, sai ya koma kan layukan ƙirji. In tsinin yana ƙanƙancewa daga V1 zuwa V6 maimakon ya girma, mai yiwuwa an haifi mutumin da zuciya a dama, sai a mayar da wayoyin ƙirjin can a sake awo.