Haruffa Masu Ƙugiya A Wayoyin Hannu: Sharhi Kan Da'awar "Tana Aiki A Ko Wace Waya"

Masu ƙera manhajojin Hausa na wayar hannu, watau ƙamusoshi da littattafan karatu da tarin waƙoƙi da makamantansu, suna da wata magana da ba su rabo da ita in suna tallar aikinsu. Su kan ce manhajar tana aiki a ko wace waya. Nufina a wannan takarda in auna wannan da'awa da ma'aunin mai nazarin harshe, gama abin da maƙerin manhaja ke kira aiki ya sha bamban da abin da malamin Hausa ke kira aiki. A wurin maƙeri, in aka taɓa manhaja ta buɗe, ba ta sanƙare ba, to, ta yi aiki. A wurinmu kuwa sai harafin da marubuci ya sa ya isa ga mai karatu yadda aka sa shi, kuma in mai karatu ya neme shi ya same shi.

Ya kamata a fara da dalilin da ya sa wayoyi suka bambanta. Ko wace waya tana da uwar manhaja wadda sauran manhajoji ke zaune a kanta. Biyu ne suka mamaye kasuwa: ta kamfanin Apple, wadda ta zo da iPhone a 2007, da kuma Android ta Google, wadda ta fito a 2008. Kusan ko wace shekara a kan sake su, kamar yadda a kan sake buga littafi da gyare-gyare, sabo da haka zan kira ko wace fitowa "bugu". Apple shi kaɗai ke ƙera wayoyinsa. Android kuwa ta kowa ce: Samsung ya ɗauka ya yi mata kwaskwarima, haka kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da Itel, waɗanda suka cika hannun ɗalibanmu. Ke nan wayoyi biyu a aji ɗaya suna iya zama duk Android, alhali kuwa ɗaya bugun 2017 ce, ɗaya ta 2023, kuma ko wacce da irin haruffan da maƙerinta ya zuba mata.

Haruffanmu masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East ke shugabancin hukumar talifi a Zariya. Sun sha wuya a hannun tafireta, inda sau da yawa sai an gama bugawa sa'an nan a bi da alƙalami ana ɗora ƙugiya. Amma a fagen kwamfuta ba a bar su a baya ba. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode, wanda ya ba ko wane harafi na duniya lambarsa, ya ba su nasu lambobi. Sai dai ba a zaunar da su gida ɗaya ba. Ƙ da ƙ, da Ƴ da ƴ, da manyan Ɓ da Ɗ suna cikin zangon ƙarin haruffan Latin. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa an kai su zangon alamomin ilmin furuci, domin masana furuci na amfani da su wajen nuna sautukan da mu ke kira haɗiyau. Wannan rarrabuwa tana da sakamako. Mai zana haruffa ya kan zaɓi zangon da zai zana, ya bar wanda ya ga na masana ne kawai, sai a sami waya ta nuna ƙafa lafiya lau, ta zo kan ɗaki ta ajiye ɗan akwati babu kome a ciki.

Wannan ɗan akwati shi ne abin da ya kamata mai karatu ya fahimta sosai. Lamba daban, surar harafi daban. Waya ta karɓi lambar ɗ daidai, amma da ta duba akwatin haruffanta, kamar yadda mai jera dalma a maɗaba'a ke duba nasa, ba ta sami surar ba. Wani lokaci ta kan ranto surar daga wani akwati, sai ka ga ɗ ta fito siririya ko karkatacciya a tsakiyar kalma mai kauri. Wayoyin Android na farko sun yi fama da wannan ƙwarai. A 2015 Google ya ba da sanarwa cewa haruffansa masu suna Roboto, waɗanda aka sake zanawa domin Android 5.0 ta 2014, sun ƙunshi dukan haruffan Latin da ke cikin Unicode 7.0. Tun daga nan matsalar ta ragu, ko da ya ke ta kan dawo in maƙerin waya ya sa nasa haruffan, ko mai waya ya zaɓi wani rubutu na ado.

A nan ina so in ɗan kāre samarinmu, gama mu malamai mun cika ɗora musu laifin yar da ƙugiya. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar harafi 160 in an tsaya cikin 'yan haruffan da tsarin GSM ya tanada. Da zarar harafi ɗaya ya fita daga cikinsu, sai dukan saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. Watau ƙ guda ɗaya tana iya mai da saƙon shafi ɗaya shafi biyu ko uku, kuma ko wane shafi da kuɗinsa. Wanda ya rubuta qasa maimakon ƙasa, ko 6ata maimakon ɓata, yana sane da bambancin sautin sarai, har ma ya nemar masa alama daga abin da ke hannunsa. Mai nazarin harshe ya kamata ya ga basira a cikin wannan kafin ya ga ɓarna.

Wanda ba shi da wannan uzuri shi ne maƙerin manhaja, kuma a kansa sukata ta fi nauyi. Hanyar da da yawa suka bi domin su cika alkawarin "ko wace waya" ita ce su share ƙugiya daga dukan rubutun. Lalle bayan haka babu ɗan akwatin da zai fito, amma wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Hausa ta riga ta bar karin sauti da tsawon wasali ba ta nuna su a rubutun yau da kullum. Mai karatu yana cike giɓin da saninsa. In aka ƙara cire ƙugiya, an ɗora masa kaya na uku. "Ya tafi fada" da "ya tafi faɗa" sun zama ɗaya, haka baki da baƙi, da gaba da gaɓa, da saka da saƙa, da bari da ɓari. Bahaushe babba ya kan gane daga abin da ya gabata. Yaron firamare fa, ko Bayarabe ko Bazabarme mai koyon Hausa a kwalejin horon malamai? Su ne aka ce an yi ƙamus dominsu, su ne kuma ba su da abin da za su cike giɓin da shi. Abin takaici, maganin yana nan tun farkon Android: manhaja tana iya ɗauke da akwatin haruffanta a cikinta, ba sai ta dogara ga na waya ba. Ƙungiyar SIL ta fitar da Charis da Gentium da Andika kyauta, dukansu da haruffanmu, Andika ma domin masu koyon karatu aka zana ta.

Wasu kuma su kan ɗauki hoton shafin littafi su zuba. Wannan ya tsare ƙugiya, na yarda, amma ba a neman kalma a cikin hoto, kuma a ƙaramar waya sai an yi ta ja da yatsu.

Matsalar da ta fi ɓuya, kuma a ganina ta fi muni, ita ce ta hamza da 'y. A Nijeriya mu kan rubuta 'ya'ya, a Nijar su rubuta ƴaƴa. Wannan ba kome, ƙa'idoji biyu ne sanannu. Amma waƙafin saman nan da mu ke sa wa ba abu ɗaya ba ne a cikin waya. Akwai miƙaƙƙe na tafireta, akwai lanƙwasasshe na rufe zance, akwai na buɗe zance, akwai kuma wanda Unicode ta ware a kan harafi ne ba alamar rubutu ba, mai lamba U+02BC. Ido ba ya rabe su sosai, na'ura kuwa tana ganin abu huɗu. Tun daga iOS 11 a 2017 iPhone ta kan sauya miƙaƙƙen da kanta, kuma in ya zo a farkon kalma, kamar a 'yanci, sai ta ɗauka zance za a buɗe ta juya shi. Sabo da haka ɗalibi biyu suna iya buga 'yanci a ƙamus ɗaya, wannan ya samu, wancan a ce masa babu. Manhajar ta buɗe a wayoyin duka biyu, maƙeri bai yi ƙarya ba bisa ga ma'auninsa.

Haka batun nema da jeri ya ke. Harafi irin é na Faransanci Unicode ta san e ne da alama a kansa, sabo da haka dabarar da masu manhaja suka saba, ta tuɓe alama kafin a nema, tana kama shi. Ƙ kuwa harafi ne guda, ba ya rabuwa zuwa k da ƙugiya, dabarar ba ta taɓa shi. Sai maƙeri ya zauna ya koya wa manhajarsa dangantakar k da ƙ da hannunsa. Ra'ayina shi ne a yi sassauci wajen nema, a yi tsanani wajen nunawa: wanda ya buga kasa a kawo masa kasa da ƙasa, ko wacce da rubutunta daidai, har ya koyi bambancin. Wajen jeri kuma, in aka bar na'ura ta bi lamba, sai a gama z sa'an nan ƙ ta zo, sai ƴ, sai ɓ, sai ɗ, jerin da babu ƙamusun Hausa da ya taɓa binsa. Alhali kuwa taskar CLDR ta Unicode tana da jerin abacada na Hausa, kuma tun Android 7.0 a 2016 aka buɗe wa masu manhaja kayan aikin ICU da ke amfani da ita.

Masu koyar da karin sauti suna da tasu wahalar. In aka so a nuna dogon wasali mai karin ƙasa, sai a ɗora alama biyu a kan harafi ɗaya. Unicode tana da ḕ da ṑ a haɗe, amma a da i da u sai an harhaɗa su, haka r mai igiya a kai da Paul Newman ke amfani da ita wajen rabe ra-gare da ra-kaɗe. Yadda alamun za su hau juna ya danganta ga akwatin haruffa, sabo da haka darasin da ya fito tsaf a wayar malami ya kan iso wayar ɗalibi alamun sun cakuɗe.

Kada a ce na ƙi yi wa maƙera adalci, gama su ma a matse su ke ta fuska biyu. Dole ko wane maƙeri ya yanke mafi tsufan bugun da manhajarsa za ta karɓa. In ya sauka ƙasa aiki ya yi masa yawa, in ya hau sama ya bar masu tsofaffin wayoyi. Manyan kamfanoni ma yankewa su ke yi: WhatsApp ta bar wayoyin Nokia S40 a ƙarshen 2018, ta kuma bar duk Android da ba ta kai 5.0 ba a Oktoba 2023. Ta ɗaya fuskar kuma sababbin wayoyi suna ƙin tsofaffin manhajoji. iOS 11 ta daina buɗe manhajojin tsohon gini na 32-bit, Android 14 ta 2023 ba ta yarda a sa manhajar da aka gina domin bugun da bai kai 6.0 ba, kuma kantin Google Play ya kan ɓoye wa masu sababbin wayoyi manhajar da aka daɗe ba a sabunta ba. Kamfani mai ma'aikata dubbai ba ya jin wannan. Manhajar Hausa kuwa sau da yawa aikin mutum ɗaya ne, ya yi ta don kishin harshe, ya sami wani aiki ya wuce. Littafin Bargery na 1934 yana nan a ɗakin karatu ana buɗa shi. Manhajar da aka bari shekara biyar ba lalle ta buɗu ba. Don haka ina ganin sassan Hausa na jami'o'i su riƙa neman ainihin rubutun irin waɗannan ayyuka, cikin Unicode tsantsa, su adana shi dabam da manhajar da ke ɗauke da shi.

Ga malaman kwaleji da a ke kawo wa manhaja a ce su ba ɗalibai, gwaji ba shi da wuya. A sami waya uku: tsohuwar Itel ko Tecno, da sabuwar Android, da iPhone. A nemi ƙoƙo da koko, a nemi 'ya'ya da ƴaƴa, a duba ko ɓarawo na bin bayan kalmomin b ko an jefa shi ƙarshe, sa'an nan a kwafi layi ɗaya a aika daga wannan waya zuwa waccan a ga abin da ya isa.

Ajami ya fi boko shan wuya a wannan fage, domin nasa haruffan sun makara. Fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu, wanda allunanmu ke bi, sai a Unicode 9.0 ta 2016 suka sami lambobinsu, wasu haruffan da Hausa ke bukata kuma sai a Unicode 13.0 ta 2020. Wayar da aka ƙera kafin waɗannan shekaru, ba a kuma sabunta ta ba, ba ta san su ba sam. SIL ta zana Harmattan domin Ajamin Afirka ta Yamma, da Alkalami bisa salon rubutun Kano, amma sai manhaja ta ɗauko su a cikinta, in ba haka ba waya za ta nuna rubutun da haruffan Larabcin gabas, fa da ɗigo a sama, wanda almajirin da ya tashi da Warshu zai karanta a kan ƙaf.