Laimar da ke Jan Mutum a Teku: Gyara ga Bayanin da Aka Koya Mana a Makaranta

Kwanakin baya wani ƙanena da ke aji biyar na sakandare a Funtuwa ya turo mini wani gajeren bidiyo ta WhatsApp. Mutum ne tsaye a kan allo a cikin teku, wata ƙatuwar laima tana can sama tana jan sa da igiyoyi, ga raƙumin ruwa ya fi shi tsayi yana naɗowa a bayansa. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, wai iska ce kawai ke tura shi, ko Banuli ne?"

Amsoshi biyu ya kawo, kuma su ne biyun da kusan kowa ke bayarwa. Ta farko ita ce ta mutanen gari, ta biyu ita ce ta littattafan kimiyya da yawa da muka karanta. Ni a ganina duka biyun suna da matsala, amma ta littafi ta fi damuna, domin ita ce ke sanye da rigar ilimi. Ni kaina na haddace ta, na ci jarrabawa da ita, kuma lokacin da nake bautar ƙasa na tsaya gaban allo na koyar da ita. Don haka wannan gyara da kaina ya fara.

Mu fara sanin wasan

Turawa na ce masa kaitsafin. Laimar kan kai faɗin murabba'in mita 5 zuwa 12, igiyoyinta kuma tsawon mita 20 zuwa 25, a ɗaure da wata ɗamara a ƙugun mai wasan, da sanda a hannunsa da yake sarrafa ta. Irin laimar da ake hura wa bakinta iska don kada ta nutse, wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, suka yi mata rajistar mallaka a 1984.

Allon iri biyu ne. Akwai mai baki biyu, wanda gaba da baya duk ɗaya ne. Akwai kuma mai fuska ɗaya, mai hanci da wutsiya da ƙananan fikafikai a ƙasa kamar na kifi, wanda duk lokacin da mutum zai juya sai ya sauya tsayuwar ƙafafunsa. Wannan na biyun shi ake hawa raƙuman ruwa da shi, kuma shi ne a bidiyon ƙanena.

Ɗaya daga cikin wuraren da suka yi suna a wannan wasa yana nan Afirka ta Yamma: Ponta Preta a tsibirin Sal na ƙasar Cape Verde, kimanin kilomita 600 daga gaɓar Senegal. Ɗan tsibirin, Mitu Monteiro, ya zama gwarzon duniya a hawan raƙuman ruwa a 2008. Abin da ya fi burge ni shi ne, iskar da suke wasa da ita daga Nuwamba zuwa Maris 'yar gida ɗaya ce da iskar hunturun da ke fasa mana leɓe a Malumfashi. Dukansu daga arewa maso gabas suke kaɗowa, kuma ƙurar Sahara har can take kaiwa.

Amsar gari: "iska ce ke tura shi"

Wannan amsa tana da gaskiya kaɗan, amma ba ta isa ba. Abin da iska ke turawa kawai, kamar ledar da aka yar a kasuwa, inda iskar ta nufa can zai nufa, kuma ba zai taɓa fin ta gudu ba. Mai laima kuwa yana yanka iska a karkace, yana iya fin ta gudu, har ma yana iya komawa wajen da take fitowa ta hanyar yin zigizaga. Yana dasa gefen allon da fikafikansa a ruwa, ruwan ya hana shi zamewa gefe, sai ragowar ƙarfin ya tafi da shi gaba.

A kan raƙumin ruwa kuma labarin ya sake canzawa. Gwani kan sassauta laimar ta bi shi a hankali, ya bar nauyin jikinsa ya gangaro da shi a kan fuskar ruwan, kamar mai keke a gangare, sai dai shi gangaren nasa tafiya yake yi. Ruwan kansa ba ya yin nisa. Ka duba gonar shinkafa idan iska ta ratsa ta: za ka ga kamar wani abu na gudu daga wannan kunya zuwa waccan, amma kowane kara yana nan inda aka shuka shi. Ƙarfin ne ke tafiya, kuma na Ponta Preta daga guguwar arewacin tekun Atlantika yake tasowa, dubban kilomitoci daga wurin.

Amsar littafi

Ga yadda aka koya mana. Ana zana fiffiken jirgin sama, samansa a lanƙwashe, ƙasansa a miƙe. Sai a ce iskar da ta bi ta sama hanyarta ta fi tsawo, kuma tunda dole ta haɗu da 'yar'uwarta da ta bi ta ƙasa a ƙarshen fiffiken a lokaci guda, sai ta ƙara gudu. Idan gudu ya ƙaru matsi ya ragu, kamar yadda Daniyel Banuli ya nuna a 1738, sai fiffiken ya ɗaga.

To wa ya ce dole su haɗu? Babu wata doka a kimiyya da ta ce haka. Iskar sama da ta ƙasa ba alkawari suka yi ba. Farfesa Holger Babinsky na Jami'ar Kambirij, wanda ya yi rubutu a kan wannan kuskure a 2003, ya nuna abin da ido ta hanyar busa hayaƙi a kan fiffike: iskar sama tana riga ta ƙasa isa, da rata mai yawa, kuma ba sa sake haɗuwa. Hukumar NASA ma ta jera wannan bayani a cikin bayanan da ba daidai ba a shafinta na koyarwa.

Amma ba sai mun je Kambirij ba, laimar nan ta ishe mu hujja. Bayan bakinta da aka hura, sauran jikinta ƙyalle ne falle ɗaya. Tsawon samansa da na ƙasansa kusan ɗaya ne. Inda bayanin littafi gaskiya ne, da ba za ta ja ko kaza ba. Haka jirgin leda da muke haɗawa da tsinken tsintsiya da zare muna yara: falle ɗaya ne, kuma yana tashi. Haka jiragen wasa da ke tashi a kife, ciki a sama.

A yi adalci: Banuli bai yi kuskure ba. Gaskiya ne iskar saman fiffike ta fi gudu, kuma matsinta ya fi ƙanƙanta. Kuskuren yana cikin dalilin da aka ƙirƙiro aka jingina masa.

To mene ne daidai?

Duk abin da ya karkatar da iska daga hanyarta, iskar za ta tura shi ta ɗaya ɓangaren. Dokar Niyuton ta uku kenan. Laimar tana fuskantar iska a ɗan karkace, jikinta a lanƙwashe, sai ta lanƙwasa iskar da ke bi ta kanta. Iska ba ta lanƙwashewa sai da bambancin matsi: a bayan laimar matsi ya ragu, a cikinta ya ƙaru, wannan bambanci shi ne jan da mai wasan ke ji a ƙugunsa. Niyuton da Banuli abu ɗaya suke bayani ta fuska biyu.

Masu kare tsohon bayani sukan ce yara ake koyarwa, dole a sauƙaƙa. Na yarda a sauƙaƙa. Amma bayani na gaskiya ai ya fi sauƙi. Duk yaron da ya taɓa shiga mota daga Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori ya fito da tafin hannunsa ta taga, ya san idan ya ɗan karkata shi sama sai iska ta ɗaga hannun. Duk ɗan acaɓan da ya taɓa ɗauko katifa a ranar iska ya san darasin fiye da ni. Abin da ya sa tsohon bayani ya ƙi mutuwa, a ganina, shi ne yana da daɗin zanawa a allo, yana da sunan Bature a ciki, kuma yana da sauƙin maki a jarrabawa.

Ga kuma abin da bayanan biyu suka bari a baya, wanda shi ne mafi amfani: ƙarfin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, yana ƙaruwa ne da gudun sau kansa. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Mu yi lissafin ƙiyasi. Iska mai gudun kilomita 36 a awa tana danna kowane murabba'in mita da nauyin kusan kilo 6. Laima mai murabba'in mita 9 a tsaye za ta ja da kusan kilo 55. Amma idan mai wasan ya wulwula ta ta ratsa sararin sama da gudu, har iskar da take ji ta ninka biyu, jan zai kai wajen kilo 220, fiye da buhun masara biyu. Shi ya sa a bidiyon za ka ga yana ta lilo da ita kafin ya tashi.

Ina ruwan Bafuntuwe da wannan?

Mu ba mu da teku, kuma ban ce a je madatsar Mairuwa da laima ba. Amma duk farkon damina, wajen Afrilu zuwa Yuni, iskar da ke zuwa gaban hadari tana yaye rufin gidaje da azuzuwa da shaguna a yankinmu. Rufin kwano laima ce da aka buga wa ƙusa.

Wanda ya ɗauka iska turawa kawai take yi, bango zai ƙarfafa. Wanda ya haddace bayanin littafi kuwa zai ga abin na jirgin sama ne, bai shafi gidansu ba. Alhali iskar da ta bugi bango ta haura sama tana lanƙwashewa a kan rufin, matsi ya ragu a samansa, sai ta tsotso shi. Idan kuma ƙofa ko taga ta ɓangaren da iskar ke fitowa a buɗe take, iskar ta cika ɗakin ta turo rufin daga ciki. A guguwa mai gudun kilomita 108 a awa, wato ninki uku na lissafinmu na ɗazu, ƙarfin ya ninka tara: kusan kilo 55 a kowane murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 sau 4 zai fuskanci ɗagawar da ta kusa buhu tara, shi kuwa kwanon nauyinsa bai kai kilo 5 a murabba'in mita ba. Abin da ke riƙe da shi ƙusa ne da ɗauri.

Kuma tsotson ya fi tsanani a kusurwoyi da bakin rufi, shi ya sa daga nan yayewa ke farawa. Tsofaffin kafintocinmu da ke ƙara ƙusa a baki, suna ɗaure katako da bango da rodi ko langa-langa, suna rage tsawon kwanon da ya leƙo waje, sun fi littafinmu fahimtar iska. Haka masu ɗora bulo da tsofaffin tayoyi a gefen rufi: sun gane abin ɗagawa yake yi.

Da na yi wa ƙanena wannan bayani sai ya ce, "To Yaya, in aka tambaye mu a jarrabawa fa?" Na ce ya rubuta cewa iskar sama ta fi gudu kuma matsinta ya fi ƙanƙanta, domin wannan gaskiya ne. Zancen dole su haɗu a lokaci guda kuma ya bar shi, in malaminsu ya kawo shi ya tambaye shi cikin ladabi yadda jirgin leda ke tashi. Malamai da ke karanta wannan shafi, don Allah ku gwada da ɗalibanku: leda ɗaya, tsinken tsintsiya da zare sun isa, kuma iskar hunturu kyauta ce.