Manɗiƙi da Tauhidi: Yadda Falsafa ta Zauna a Zaurukan Malamai

Falsafa, wato binciken asalin samuwa da ilimi ta hanyar hujjar hankali, ba ta shigo ƙasar Hausa da sunanta ba, domin tun bayan da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Tahafutul Falasifa yana rushe wasu ra'ayoyin Ibn Sina, malaman Sunna suka riƙa ɗari-ɗari da ita. Sai dai Gazalin bai yar da manɗiƙi ba, wato ilimin ƙa'idojin da ke tsare tunani daga kuskure, wanda Arisɗo na Girka ya tsara a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kuma fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa. Ta wannan ƙofa ce gadon Girkawa ya iso zaurukan Kano da Katsina da Zazzau.

Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya wallafa waƙa a kan manɗiƙi, kuma ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, wanda yake ganin ilimin haramun ne, shi kuwa Magili yana kare shi da cewa ana karɓar gaskiya daga bakin duk wanda ya zo da ita. Daga baya littattafai biyu suka kafu a tsarin karatun zaure. Na farko shi ne Sullam na Abdurrahman Ahalari, mai littafin fiƙihun nan da yara ke farawa da shi, inda ya taƙaita ƙa'idojin manɗiƙi, irin su ta'arifi da ƙiyasi, cikin baitoci. Na biyu shi ne Ummul Barahin na Sanusi, wanda ya rasu a 1490, wanda ya gina tauhidi a kan hukunce-hukuncen hankali uku: wajibi, wanda hankali ba ya ɗaukar rashinsa, mustahili, wanda ba ya ɗaukar samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa.

Wannan tsari na haddar matani da bin sharhi daga bakin malami shi ya tsare ilimin ɗaruruwan shekaru, amma kuma shi ya ƙuntata shi, domin ɗalibi yakan haddace hujja ba tare da ya san tambayar da ta haife ta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ga illar hakan a zamaninsa, har ya yi rubuce-rubuce yana raddi ga masu kafirta talakawa don sun kasa kawo dalilan malaman kalam, wato masu kare aƙida da hujjar hankali. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, ɗan Nana Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864 ya kuma koyar a Salame, shi ya fi nuna inda wannan karatu zai iya kaiwa, domin a Kulliyatul Alamis Sitta ya tattauna ruhi da jiki da hayula, wato asalin abin da ake ƙera halittu da shi kafin ya ɗauki siffa, yana haɗa falsafa da sufanci.

A zamanin nan kuwa, wannan karatu yana fama da ƙarancin lokaci: misali a Makera, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, wadda ta cika da ma'aikata bayan kafa masaƙun Kakuri daga 1957, karatun manya yakan kasance bayan asuba ko tsakanin magariba da lisha, lokacin da ke isar fiƙihu da hadisi amma da wuya ya isa fannin da ke buƙatar doguwar muhawara. A ƙetaren Kogin Kaduna kuwa, Gidan Arewa da aka kafa a 1970 da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa suna ajiye da rubuce-rubucen hannu na malaman ƙasar nan. Muddin ba a tace waɗannan littattafai an fassara su zuwa Hausa tare da sharhi ba, ɗalibin jami'a zai ci gaba da ɗaukar falsafa kayan Turai, ɗalibin zaure kuma yana karanta ta bai san sunanta ba.