Zinariya a Littafi da Zinariya a Daji

Tun wajen 2009, da na'urar gano ƙarfe ta bazu a Sudan, samari da dama daga ƙasar Gadarif suka bar gonakin riɗi suka shiga daji neman zinariya. Mai son rubuta ƙagaggen labari a kan saurayin Hawata mai yawo da wannan na'ura, ya kamata ya fara karanta "Al-Tibr", wanda Ibrahim al-Koni na Libiya ya fitar a 1990.

A littafin, yunwa ta sa Ukhayyad ya jinginar da raƙuminsa wurin Dudu, dangin matarsa. Dudu ya ƙi mayar masa sai ya saki matar, ya kuma ba shi garin zinariya. Jama'a suka ce ya sayar da iyalinsa. Nan marubucin ya yi gwaninta, gama bai ɓata takarda wajen kwatanta ƙyallin zinariya ba, abin da ta ci ya nuna.

Amma littafin yana da gurbi. Zinariyar al-Koni la'ana ce da aka miƙa wa mutum a hannu, ba wanda ya yi gumi dominta. Mai na'ura kuwa yini yake yi cikin rana, kunne a kan ƙara, sau da yawa tsohuwar ƙusa ya tono, da bashin na'urar a wuyansa. Akwai kuma ɓarna: a 2020 masu neman zinariya suka rushe kufai mai shekara wajen 2,000 a Jabal Maragha. Wannan gumi da wannan ɓarna, "Al-Tibr" bai taɓa su ba.