Kwandon da ya ƙi ɗaukar kaya

An haifi Mary Jackson a 1945 a Karolina ta Kudu, cikin Amurka. Ɗinkin kwando gadonta ne daga kakanninta, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma domin noman shinkafa. Aikin irin na faifanmu ne: a naɗe ciyawar bakin teku, a ɗinke da ganyen wani dangin goriba.

A wasu ayyukanta takan bar bakin kwando ba datsewa, ciyawa ta zubo tamkar iska na kaɗa ta. Wani zai ce kwandon da ba ya ɗaukar hatsi ya ci amanar sana'a. Ban yarda ba. Mai zane kamannin fadama yake kawowa, ita kuwa fadamar ta ɗinke. Abin da nake zargi shi ne gilashin gidan tarihi, wanda ya raba kwandon da hannu, ya kulle ƙanshinsa.

Kyautar MacArthur da ta samu a 2008 ba ta maido filayen ciyawar da gine-gine suka cinye ba. Mai karatu, ranar da goriba ta ƙare a Gulbin Kaba, faifanmu ma bayan gilashi za mu gan shi.