Kalmomin Tsaka-tsaki da Masu Rubutun Zamani

Duk wanda ya saba karanta labaran noman rani na ƙasar Kano ya san kalmomi uku da marubuta ba su gajiya da su, watau gagarumi, da katafare, da ƙasaitacce. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya riƙa gangarowa Kadawa da Kura da Bunkure, da wuya a ba da labarin wata gona ko wani girbi ba a jingina masa ɗaya daga cikinsu ba. To, madatsar Tiga lalle katafariya ce. Amma fa idan an kira 'yar kwalbatin ƙauye da wannan suna, da me kuma za a kira Tiga?

Laifin ba na harshe ba ne. Bargery ya tara kalmomi wajen 39,000 a ƙamus ɗinsa na 1934, Hausa kuwa ba ta rasa abin kiran abu matsakaici ba. Mai son tabbatarwa ya tsaya a kasuwa, ya saurari manoma da dillalai suna cinikin kayan lambu, zai ji kowace kalma da mazauninta.

Idan manomi ya ce tumatir ɗinsa na bana dama-dama ne, nufinsa ya ɗan fi na bara, ko ya fi yadda aka yi tsammani. Idan ya ce kadaran-kadahan, to, ya mai da kuɗin taki da na iri, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ba yabo ba fallasa kuwa hukunci ne na mai adalci, wanda ya duba bai ga abin zargi ba, bai kuma ga abin kai wa kasuwa da alfahari ba. Gama-gari dabam ya ke da waɗannan duka, gama ba aibi ya ke nunawa ba, yawa ya ke nunawa. Shinkafar Kura tana iya zama gama-gari a lokacin girbi alhali kuwa kyakkyawa ce.

Sa'an nan akwai na ƙasa da su. Lami shi ne abin da ya rasa ɗanɗanon da ya kamata a same shi da shi, kamar miyar da ba gishiri, ko hirar da ba a ƙaru da kome ba. Koɗaɗɗe kuwa dā yana da kyau, ya rasa. Marinan Kura, masu turkuɗin da Buzaye ke sha'awa, sun fi kowa sanin bambancin baƙin da ya koɗe da wanda tun farko bai kama ba. Gundura ita kuma ba a jikin abu ta ke ba, a zuciyar mai ji ta ke, yawan maimaitawa ke kawo ta. Wannan ita ce cutar da gagarumi ya sa wa masu karatu.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kurum. Rahoto shi ne idon hukuma. Idan girbi ya zo kadaran-kadahan domin yashi da kacalla sun toshe hanyar ruwa, mai rubutu kuma ya kira shi gagarumi, wa zai aiko a yashe hanyar? Manomin da ke ƙarshen layi shi zai sha wuyar wannan ƙarin gishiri. Haka kuma samarin da suka tattara dukan waɗannan kalmomi suka musanya su da nomal ɗaya tak, sun zama kamar ɗan kasuwar da ya yar da mudu da tiya, ya ce da buhu kaɗai zai riƙa awo.

Amma a faɗi gaskiya, kalmomin tsaka-tsaki su ma suna da tarko. Bahaushe mai kunya ne da kawaici. Majinyaci yana cikin tsanani ya ce da sauƙi, wanda ya cika rumbu kuma ya ce ba laifi, don gudun baki. A baka, murya da fuska su ke warware wannan. A takarda babu murya, saboda haka wajibi ne mai rubutu ya biyo kalmar da hujja: buhu nawa aka samu, kadada nawa aka noma, nawa aka sayar da kwando.

Ba a hana yabo ba, gama an ce yabon gwani ya zama dole. Abin da a ke nema shi ne a ajiye babbar kalma sai ranar babban abu, yadda a ke ajiye babbar riga sai ranar Salla. Yawancin kwanakin ɗan Adam na yau da kullum ne, kuma da su a ke ci da gida. Marubucin da ya iya kiran matsakaici da sunansa, shi za a gaskata ran da ya ce abu ya ƙasaita. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.